Filin Tambayoyinku: Mu Mayar da Gidanmu Sunan Kamfani Ko Mu Bari?

Wasiƙun wannan fitowa duk daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma magana ɗaya suka kewaye: miji da mata suna da gida da sunansu, an ba su shawarar su mayar da shi sunan kamfanin LLC. Ga wanda bai san shi ba, LLC kamfani ne da ake yi wa rajista a jiha, wanda doka ke ɗaukar sa a matsayin mutum mai zaman kansa. Bashinsa nasa ne, ƙarar da aka kai shi tasa ce, masu shi ba sa asarar abin da ya wuce wanda suka zuba a ciki. Jihar Wayomin ce ta fara kafa dokarsa a 1977, yanzu kowace jiha tana da tata. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna da gida mai sashe biyu da muke ba da haya, sunanmu duka biyu ne a takarda. Akwai sauran bashin banki kamar dala 150,000 a kansa. Wani abokina ya ce in ɗan haya ya ji rauni zai iya kwashe mana komai, don haka mu buɗe LLC. Ya ce takarda ɗaya ce kawai za a cike a intanet. Haka ne? Daga wani magidanci a Kolombus, jihar Ohayo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya yi gaskiya a kan haɗarin, amma ya rage maka aikin da yawa. Buɗe kamfanin shi ne mai sauƙin. A Ohayo dala 99 ne kuɗin rajista a ofishin Sakataren Jiha. Sai dai kamfanin da aka buɗe ba a sa masa gida ba fanko ne, kuma sa gidan ne ke taɓa banki da inshora da haraji a lokaci guda.

Ka fara da bankin tun kafin ka kashe ko sisi. Ɗauko takardar jinginar da kuka sa wa hannu ranar saye, ka nemi sakin layi na 18, ko na 19 in sabon fom ne. Za ka ga sharaɗin da ya ce idan gidan ya canja hannu ba da rubutaccen izinin mai ba da bashi ba, yana da ikon neman a biya shi dukkan ragowar kuɗinsa nan take, bayan sanarwar da ba ta gaza kwana 30 ba. Mayar da gida sunan LLC canjin hannu ne a idon doka, ko da ku biyun ne kaɗai masu kamfanin. Akwai dokar tarayya ta 1982, wadda ake kira Garn-St Germain, da ta hana banki amfani da wannan sharaɗi a wasu halaye idan gidan zama ne mai ƙasa da sashe biyar: kamar gida ya koma hannun mata ko miji ko 'ya'ya, ko rabon dukiya bayan saki, ko sa shi a amana (tsarin doka da ake damƙa wa wani dukiya ya riƙe) wadda mai bashin ke cin moriyarta. LLC ba ya cikin wannan jeri. Mutane da yawa suna jin labarin dokar su ɗauka ta rufe su, alhali ba ta kai kansu ba.

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta gano wanda ya mallaki bashin a yanzu. Kamfanin da kake tura wa kuɗi duk wata sau da yawa mai karɓa ne kawai. Idan Fannie Mae, kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, ce ta sayi bashin daga 1 ga Yuni 2016 zuwa yau, ƙa'idarta ta yarda a mayar da gidan sunan LLC muddin wanda ya ci bashin ne ke juya kamfanin ko ke da kaso mafi rinjaye. Freddie Mac, takwararta a wannan aiki, ma tana da makamanciyar ƙa'ida da nata sharuɗɗan. Dukansu suna da shafin da za ka sa adireshin gida ka gani ko bashinka na hannunsu. Ko ma wane ne, ka rubuta wasiƙa, ka karɓi amsa a rubuce. "Babu komai" da wata ma'aikaciya ta faɗa maka ta waya ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Za ka ji masu cewa banki ba ya damuwa matuƙar ana biya. Sau da yawa haka ne. Amma ka duba lissafin bankin: wanda ya karɓi bashi a kan ruwan kashi 3 cikin 100, yau kuma ana bayarwa a kan ninkin haka, shi ne wanda banki zai fi murnar rabuwa da shi. Kada ka miƙa masa wuƙar da hannunka. Ka kuma sani cewa bashin na nan a wuyanku ku biyu bayan gidan ya koma kamfani. Ranar da kuka so sabunta bashin da sauƙin ruwa, galibi sai kun dawo da gidan sunanku, don bashin da ake ba kamfani na kasuwanci ne, ruwansa ya fi tsada, kuma za a nemi ku tsaya masa da kanku.

In banki ya amince, sai a buɗe kamfanin, a naɗa wakilin da zai riƙa karɓar sammaci a cikin jihar, a nemi lambar haraji ta EIN daga IRS, hukumar haraji ta tarayya (kyauta ce, kada ka biya kowa a kanta), a buɗe asusun banki da sunan kamfani. Sai yarjejeniyar gudanarwa, wadda ita ce kundin tsarin kamfanin: kason kowa, wa ke sa hannu, yaya za a yi in ɗaya ya rasu ko aure ya mutu. Ba a miƙa ta ga gwamnati, shi ya sa mutane ke tsallake ta, ita ce kuwa takardar farko da lauyan mai ƙara zai ce a kawo.

Bayan nan ne ake rubuta takardar miƙa mallaka, kuma a nan ƙananan kurakurai ke zama manya. Sunayenku su fito daidai da yadda suke a tsohuwar takarda, harafi da harafi. In a can an rubuta sunan tsakiya, a nan ma a rubuta. Sunan kamfanin ya zo kamar yadda jiha ta yi masa rajista, har waƙafin da ke gaban LLC in akwai. Bayanin filin kuma ba adireshin titi ake so ba. Ana son bayanin safiyo, mai lambar fuloti da shafin taswira, a kwafo shi daga tsohuwar takarda ba tare da taɓa ko ɗigo ba. Ku biyu za ku sa hannu a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu a takardu, sannan a kai ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake. Kwanan watan takardar ya zo bayan ranar da kamfanin ya wanzu. Wanda ya yi gaggawa ya miƙa gida ga kamfanin da ba a gama yi wa rajista ba ya ba wanda ba a haifa ba kyauta, kuma sai ranar sayarwa matsalar za ta fito.

Takardar miƙa mallaka iri-iri ce. Akwai ta sakin hannu, wadda ke cewa na bar maka duk haƙƙin da nake da shi, in ma akwai, ba tare da wani alkawari ba. Akwai mai garanti, wadda mai bayarwa ke lamunce cewa mallakar ba ta da aibi. Ta farkon ta fi yawo a intanet saboda sauƙinta, amma tana iya yanke igiyar da ke tsakanin gidan da inshorar sahihancin mallaka da kuka saya ranar farko. Fom ɗin wannan inshora na 2006 da na bayansa ya kan ci gaba da rufe kamfanin da mai inshorar ya mallaka ɗungurungum, idan ba a biya kuɗi wajen miƙawar ba. Tsofaffin fom ba su da wannan sassauci. Kira kamfanin da ya ba ku ita, ka tambayi irin takardar da suke so da ko sai an ƙara sunan LLC ɗinku a rubuce.

Inshorar gobara da rauni ma a gyara ta a ranar da aka yi rajistar, a sa kamfanin a matsayin mai gida, ku kuma a ƙara sunayenku. In wuta ta tashi takardar inshora na ɗauke da sunan mutanen da ba su ne masu gidan ba, kun ba kamfanin inshora hujjar jan ƙafa. Sai 'yan haya: a miƙa wa kamfani yarjejeniyoyinsu a rubuce, a mayar da kuɗin ajiyarsu asusun kamfani, a sanar da su inda za su riƙa biya.

Garkuwar kuma tana da iyaka. Idan kai da kanka ka ɗauki guduma ranar Asabar ka gyara matakalar bene, ka bar ƙusa biyu ba su kama ba, ɗan haya ya rufta ya karya ƙugu, za a kai kamfani ƙara a matsayin mai gida, a kai ka a matsayin wanda ya yi sakacin. LLC ba ya wanke mutum daga aikin hannunsa. Haka in kuna cefane da katin kamfani, ko kuɗin haya na faɗawa asusunka na kanka, alƙali na iya cewa babu wani kamfani a nan, ya ɗage labulen ya kamo ku. Shi ya sa muke ganin inshorar ƙari ta dala miliyan ɗaya, wadda ake ɗorawa a kan ta gida, ita ce ya kamata ku fara saya, domin ita ke biyan lauya da diyya. Kamfani ba ya biyan komai, iyakar asara kawai yake shatawa.

Tambaya: Ni da maigidana mun buɗe LLC bara, rabi da rabi, muka sa gidan hayarmu. Mun cike harajinmu tare kamar kullum. Yanzu wata ƙawata ta ce akwai wani fom na daban da ya kamata mu cike. Ai mu miji da mata ne, na ɗauka ɗaya muke a wurin gwamnati. Daga wata 'yar'uwa a jihar Merilan.

Amsa: Hajiya, ƙawarki ta yi miki rana. A wurin IRS, LLC mai mutum ɗaya kamar babu shi ne, kuɗin hayarsa na shiga fom ɗin mai shi kai tsaye. LLC mai mutum biyu kuwa haɗin gwiwa ne, ko da su biyun ɗaki ɗaya suke kwana. Haɗin gwiwa na da nasa fom, lamba 1065, da ake miƙawa zuwa 15 ga Maris, wata guda kafin na mutane. A ciki ake lissafa haya a fom 8825, sannan kamfani ya ba kowannenku takardar K-1 mai nuna rabonsa.

Inda ruɗanin ya samo asali shi ne akwai jihohi tara da dokarsu ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin dukiyar tarayya: Arizona, Kalifoniya, Aidaho, Luwiziyana, Nebada, Niyu Meksiko, Teksas, Washintan da Wiskonsin. A waɗannan, wata sanarwar IRS mai lamba 2002-69 ta bar ma'aurata su ɗauki kamfaninsu kamar na mutum ɗaya idan dukiyar tarayya ce. Merilan ba ta cikinsu. Akwai kuma wani sassauci da ke barin ma'aurata masu sana'a tare su guje wa fom 1065, amma IRS ta bayyana cewa bai shafi sana'ar da aka sa cikin LLC ba.

Tarar rashin miƙa fom ɗin ana lissafa ta ne a kan kowane mai kaso, kowane wata, har wata 12, kuma ta haura dala 230 a wata. Ku biyu a shekara guda kun wuce dala 5,000, ko da gidan bai kawo ribar ko dala ɗaya ba. Kada hankalinki ya tashi tukuna. Ku sami akanta ya miƙa fom ɗin da wuri, ya nemi yafiya. Akwai tsohuwar sanarwa mai lamba 84-35 da ke sassauta wa ƙananan haɗin gwiwa masu mutum goma ko ƙasa, idan kowa ya riga ya bayyana rabonsa a fom ɗinsa a kan lokaci, kuma bisa bayaninki kun yi hakan. Akwai kuma yafiyar karon farko ga wanda tarihinsa ke da tsabta.

Sa gidan a kamfanin shi kansa ba ya jawo harajin riba a mafi yawan lokuta. Kuɗin da kuka saya da shi ne ke ci gaba da zama tushen lissafi, rangwamen tsufan gini na shekara 27.5 kuma yana ɗorawa daga inda ya tsaya, ba ya komawa farko. Gargaɗi ɗaya: in wani ya ce ku zaɓi a riƙa yi wa kamfanin haraji irin na kamfanin hannun jari, ku ƙi. Gida na shiga irin wannan kamfani cikin sauƙi, amma ranar fitar da shi ana lissafa shi kamar an sayar a farashin kasuwa, a biya haraji a kan ribar da ba a taɓa riƙewa a hannu ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, wanda a ganinmu ya fi fom ɗin nauyi. Merilan na cikin kusan rabin jihohin Amurka da ke da wata irin mallaka ta ma'aurata kaɗai, inda doka ke kallon miji da mata a dunƙule a matsayin mai gida guda. Amfaninta shi ne wanda ke bin ɗayanku bashi shi kaɗai ba zai iya taɓa gidan ba. In maigida ya yi hatsarin mota aka yanke masa diyya, gidan na nan daram. IRS dai ta keta wannan katanga, a hukuncin Kotun Ƙoli na 2002. Ranar da kuka miƙa gidan ga kamfani, wannan kariya ta bar gidan. Abin da kowannenku ke riƙe da shi yanzu kaso ne a kamfani, kuma mai bin bashi na iya samo umarnin kotu ya tare duk kuɗin da kamfanin zai raba wa wanda yake bi. Ku sa lauya ya duba ko za a rubuta kason kamfanin ma da irin waccan mallaka ta dunƙule. Wasu jihohi sun yarda da haka, amma sai an faɗe shi ƙarara a yarjejeniyar gudanarwa. Kar kuma ku manta da rahoton shekara na Merilan, wanda kuɗinsa dala 300 ne.

Tambaya: Gidan da muke ciki da iyalina ne nake so in kare. Ni direban babbar mota ne, kullum ina tsoron ƙara. In sa shi a LLC? Daga wani ɗan'uwa a Fulorida.

Amsa: Malam, bar shi inda yake. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tsarin mulkin Fulorida ya riga ya kare gidan da mutum ke zaune ciki daga masu bin bashi, komai tsadarsa, har rabin eka a cikin gari ko eka 160 a wajen gari. Sharaɗin shi ne mai gidan ya zama ɗan'adam. Kamfani ba ya samun wannan gata, don haka da hannunka za ka cire rigar ƙarfe ka sa ta leda.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Rangwamen harajin gida na mazaunin kansa, da ƙa'idar da ta hana ƙimar gidan tashi fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, duka za su iya tafiya, a sake yi wa gidan ƙima a farashin yau. Fulorida kuma na karɓar harajin hatimi a kan takardar miƙa mallaka, santi 70 a kan kowace dala 100, kuma tana lissafa ragowar bashin banki a matsayin kuɗin da aka biya. In saura dala 200,000 a kanka, dala 1,400 ke nan don kawai ka ba kanka gidanka.

Sai babbar, ta tarayya. Ma'auratan da suka mallaki gida suka zauna cikinsa shekara biyu cikin biyar ɗin da suka gabaci sayarwa ba sa biyan haraji a kan ribar da ta kai dala 500,000. A ce kun saya 250,000 kun sayar 600,000, ribar 350,000 taku ce tsaf. In gidan na hannun kamfani mai mutum biyu, wannan rangwame na cikin haɗari, kuma a kan kashi 15 cikin 100 abin da za a nema ya kai dala 52,500. Haɗarin da kake tsoro daga titi yake zuwa, maganinsa inshorar mota mai kauri da ta ƙari a kanta. In kai ke da motar, ita ce ta cancanci nata kamfanin.

Tambaya: Muna da gidaje biyu na haya a Niyok. Takardarsu ta ce in ɗaya ya rasu, ɗayan ya ɗauke duka. Mu kuma muna so a raba gado yadda addini ya tsara. Shin LLC zai gyara wannan? Matata tana da katin zama amma ba ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa ba, kuma ni na biya kuɗin gidajen. Daga wani dattijo a Buronks.

Amsa: Baba, zai taimaka, amma shi kaɗai ba zai isa ba. Yadda takardarku take yanzu, gidajen ba za su ma shiga cikin abin da za a raba ba. Da rasuwar ɗaya sun zama na ɗayan, wasiyya ba ta da ta cewa. In kun mayar da su kamfani, abin da mamaci ya bari shi ne kasonsa na kamfanin, kuma kaso ya fi bango daɗin rabo. Ana iya ba mata tumuninta, a ba 'ya'ya da iyaye nasu a lissafe, ba a sayar da gida ba, ba a yanka shi ba.

Sai dai kaso ba ya raba kansa. Dole a yi wasiyya ko amana da ta fayyace rabon, in ba haka ba dokar jiha ce za ta raba, ita kuwa ba ta san tumuni da rubu'i ba. Dokar Niyok ta kuma ba matar mamaci ko mijin mamaciya ikon ƙin abin da wasiyya ta ba su, su nemi sulusin dukiya ko dala 50,000, duk wanda ya fi yawa. Ana iya yafe wannan haƙƙi, amma a rubuce, da shaidar notari, kuma ya fi ƙarfi in kowannenku na da lauyansa. Yarjejeniyar gudanarwa ma ta faɗi matsayin magada. A dokar mafi yawan jihohi, wanda ya gaji kaso rabon kuɗi kawai yake samu, ba shi da bakin magana a gudanarwa sai sauran masu kamfani sun karɓe shi. In ba ku rubuta komai ba, za a wayi gari 'ya'ya na da kaso mafi yawa amma ba su da ikon ko duba littafin asusu, ko kuma magada takwas kowa na jan akalar. Ku zaɓi manaja ɗaya da wanda zai gaje shi, ku rubuta yadda mai son fita zai sayar wa 'yan'uwansa da yadda za a yi wa kasonsa kuɗi.

Maganar takardar zama 'yar ƙasa da ka kawo ta dace. Kyauta tsakanin miji da mata ba ta da iyaka a dokar haraji idan mai karɓa ɗan ƙasa ne. In ba ɗan ƙasa ba ne akwai iyaka ta shekara, wadda a 2025 dala 190,000 ce. Tunda kai ka biya kuɗin gidajen, ranar da aka warware mallakar haɗin gwiwar aka ba Hajiya rabin kamfani, IRS na iya lissafa wannan rabin a matsayin kyauta daga gare ka. In ya wuce iyakar sai ka cike fom 709. Galibi ba a biyan komai, ana rage shi ne daga babban rangwamen da mutum ke da shi na tsawon rai, amma rashin cikewar laifi ne. Ana iya raba kyautar a kan shekaru biyu ko uku don kada ta haura. Ta fuskar addini ma wannan rabin na buƙatar suna: kyauta ce ka yi mata da ranka, ko riƙo ne kawai? Ku zauna da malami da lauya ku tsayar da magana ɗaya, a rubuta, don rigimar magada daga irin wannan shirun take tsirowa.

Niyok na da wani sharaɗi nata: cikin kwana 120 da buɗe kamfani sai an buga sanarwa a jaridu biyu da magatakardan gunduma ya zaɓa, mako shida a jere. A cikin birnin kuɗin bugawar kan fi na rajistar nesa ba kusa ba. Wanda bai yi ba ana dakatar masa da ikon shigar da ƙara a kotunan jihar, abin da mai gidan haya zai gane ranar da ya so tashin ɗan hayar da ya ƙi biya.

Tambaya: Na ga ana tallar cewa a buɗe kamfani a Wayomin ko Delawaya, ya fi arha da sirri. Gidanmu na Kalifoniya ne. Daga wata mai karatu a Sakramento.

Amsa: Malama, gida ba ya ƙaura. Kamfanin da ke karɓar haya a Kalifoniya kasuwanci yake yi a Kalifoniya, dole ya sake rajista a can a matsayin baƙo, ya biya mafi ƙarancin harajinta na dala 800 duk shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Sai ki ƙara kuɗin shekara na ɗaya jihar, dala 60 a Wayomin ko 300 a Delawaya, da ladan wakili a wurare biyu. Ɗan hayar da ya zame a ƙofar gidan kuma a kotun Kalifoniya zai kai ƙara. Ga mai gida ɗaya ko biyu, jihar da gidan yake ita ce wurin rajista.

Abin da ya kamata ki sa wa ido shi ne harajin gida da fili. Tun dokar 1978 da ake kira Prop 13, ƙimar gida ba ta tsalle sai ya canja hannu. Miƙa shi ga kamfani ba ya tada sabuwar ƙima muddin kason kowa bai motsa ba: rabi da rabi a gida, rabi da rabi a kamfani. In kuka ce bari a sa wa ɗa kashi 10 tun yanzu a wannan miƙawar, daidaiton ya karye, kuma ana iya sake yi wa gidan gaba ɗaya ƙima a farashin yau.

Tambaya: Ɗan haya ya faɗi a gidanmu watan jiya, lauyansa ya aiko wasiƙa. In muka sa gidan a LLC yanzu, mun tsira? Daga wani magidanci a Pensilbaniya.

Amsa: Alhaji, wannan ihu ne bayan hari. Ranar da abin ya faru ku ne masu gidan, ku za a kai ƙara. Kawar da dukiya bayan an san akwai mai neman haƙƙi na ba kotu damar warware miƙawar, kuma a yawancin jihohi mai ƙara na da shekara huɗu ya nemi hakan. Alƙalai na duban alamu sanannu: an ba na jiki, ba a karɓi kuɗi ba, an ci gaba da juya dukiyar, an yi bayan barazanar ƙara. Naku zai cika dukkansu. Ga shi Pensilbaniya na cikin jihohin da ke karɓar harajin canjin mallaka ko da mutum kamfaninsa ya ba, kashi 1 cikin 100 na jiha da kusan wani kashi 1 na ƙaramar hukuma, a Filadelfiya ma ya fi haka. A gidan dala 300,000 za ku zubar da 6,000 a banza.

Ka aika wa kamfanin inshorarku kwafin wasiƙar nan yau, a rubuce, don jinkirin sanarwa na iya zama hujjar ƙin biya. Kada ka amsa wa lauyan da kanka, kada kuma ka gyara wurin da ya faɗi kafin a ɗauki hotonsa.